GOBARAR DAJI A ƘASAR GOBIR: WA KE SA WA WUTA RANA?



Duk wanda ya tashi a gabashin Sakkwato ya san abin da ke biyo bayan kaka. Ana gama ɗaure hatsi a kai rumbu, iska ta juya ta fara busowa daga arewa maso gabas, leɓe ya fara tsagewa, sai a fara hango jan haske da dare ta wajen daji. Da safe toka ta riƙa sauka a kan tufafin da aka shanya. In ka tambaya a Kamarawa ko Isa ko Sabon Birni, sai a ce maka ai daji ne ke ci, kamar dai wani abu ne da shekara ke zuwa da shi, irin hazo ko sanyi.

Hausa tana da kalma biyu a nan, ƙunar daji da gobarar daji. Ƙuna aiki ce da mutum ke yi da niyya, ya san inda wutar za ta fara da inda yake so ta tsaya. Gobara kuwa ita ce wutar da ta fi ƙarfin wanda ya kunna ta. Abin da nake so mu duba a wannan muƙala shi ne yadda ƙuna ke rikiɗewa ta zama gobara. Idan muka bi tarihin ƙasar Gobir na shekaru ɗari biyu da suka wuce, za mu ga halin wuta yana nan yadda yake, abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ke da ikon cewa yau a kunna, ko kuwa a dakata tukuna.

ABIN DA WUTA KE BUƘATA

Kafin daji ya ci wuta sai abu uku sun haɗu: busasshiyar ciyawa mai haɗe da juna, iska marar danshi, da wanda zai ƙyasta. A wasu ƙasashe tsawa ce ke tayar da wuta. A namu yankin tsawa da damina take zuwa, lokacin da ciyawa take ɗanya, don haka kusan duk wutar rani hannun mutum ne sanadinta. Akwai mafarauci da ke son korar zomo da gafiya da fakara daga cikin sunƙuru. Akwai mai ɗiban zuma da ya jefar da bakin wutar da ya yi hayaƙi da shi. Akwai manomi mai sassabe da ya tara kara da ƙaya ya cinna, iska ta kwashi wutar ta tsallake iyakar gonarsa. Akwai masu gawayi, da matafiyin da ya dafa shayi ya tashi bai binne garwashi ba, da mai jefar da guntun taba a bakin hanya. Busasshen kashin shanu ma yakan riƙe wuta a cikinsa har tsawon sa'o'i, a zaci ta mutu, iska na tasowa ta farfaɗo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, shekarar da aka yi damina mai albarka ita ce shekarar da ta fi haɗarin gobara. A shekarar fari ciyawa tsilli-tsilli take fitowa, ko an kunna wuta ba ta samun abin kamawa, sai ta mutu a taku kaɗan. Amma idan ruwa ya wadata daga Yuni zuwa Satumba, ciyawa ta rufe ƙasa daga bakin gari har inda ido ya tsaya, to wuta ta samu hanya. Idan hunturu ya kankama, iska ta bushe, tana iya tsere wa mai gudu, tartsatsinta kuma ya riƙa tsallake turba yana kamawa a gaba.

Ita ciyawar ma kashi biyu ce, kuma sanin bambancinsu shi ne mabuɗin wannan magana. Gamba tana da saiwa mai rai da ke kwana a ƙasa shekara da shekaru. In aka ƙone ta da wuri, ƙasa na da sauran laima, takan yi toho shanu su samu ɗanyen abinci. Wannan ne ya sa makiyayan da ke kudu da mu, inda ruwa ya fi yawa, suke ƙona daji da gangan. Amma ƙarangiya da kyasuwa da burburwa, waɗanda su ne mafi yawa a jigawar Gobir, 'yan shekara ɗaya ne. Suna zubar da iri su mutu. In wuta ta cinye su a watan Nuwamba, babu toho, babu komai, sai ƙasa tsirara har ruwa ya sake sauka bayan wata bakwai ko takwas.

ZAMANIN BIRANE DA DAJIN GUNDUMI

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara da yaƙi ya kafa Alƙalawa a bakin gulbi. Birnin ya faɗa hannun masu jihadi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a kan Gulbin Maraɗi, sannan wajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Sakkwato. Wato kusan duk ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Jama'a suka taru a garuruwa masu ganuwa da gonakin da ke kewaye da su, aka bar manyan dazuzzuka a tsakani ba kowa.

Mafi shahara cikinsu shi ne Dajin Gundumi, wanda ya raba Isa da ƙasar Wurno da Sakkwato. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ratsa shi a watan Maris na 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sha wuyar ƙishirwa. Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta nan a 1853, ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba zango saboda tsoron harin Gobirawa, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu. Daji mai wannan faɗi, ba gona ba rijiya, babu abin da zai tare wuta a cikinsa in ta tashi. Sai dai ɓarnar da take yi wa mutane ba ta da yawa a lokacin, domin mutanen kaɗan ne, dajin kuma da yawa. In ta ci nan, makiyayi ya kora bisashensa can. Wajen 1890 annobar ciwon bushiya ta kashe mafi yawan shanun ƙasar Hausa da Barno, ciyawar da shanu za su ci ta tsaya a daji, wuta ta ƙara samun abinci.

Duk da wannan yalwa, mutanen da ba su bar wuta sakaka ba. Daji yana da masu shi: Sarkin Dawa ko Sarkin Baka a kan mafarauta, Sarkin Noma a kan gonaki, Arɗo a kan makiyaya, dukkansu a ƙarƙashin mai gari. Akwai kuma al'adar buɗin daji, wadda har yanzu ake yi a Tsibiri da Masallata kusa da Birnin Ƙonni. Malamai sun daɗe suna sukar duba da yanke-yanken da ke cikinta, kuma wannan magana ce ta daban. Abin da ya shafe mu shi ne aikin da take yi a matsayin kalanda. Kafin a buɗe daji ba a fita farautar gayya. Kafin ranar ta zo an kwashe amfanin gona, an yanki gamba ta zana da shibcin jinka, an ɗaure harawa an ɗora a kan itace. Tsarin bai kare kowane icce da ke daji ba, tunda ranar takan faɗo ne rani ya riga ya yi nisa, amma ya kare abinci da rufin ɗaki, kuma ya sa kowa ya san wanda za a tuhuma in wuta ta tashi kafin lokaci.

ZUWAN TURAWA DA DOKAR HANI

Gobirawa sun fara sanin Faransawa ne ta hanyar wuta. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, ta wuce ta ƙasar Gobir. Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa duwatsun iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Daji ɗaya ya koma ƙarƙashin doka biyu.

Ma'aikatan gandun daji na Turawa sun zo da ra'ayin da suka koya a makarantun Turai da Indiya, cewa wuta abokiyar gabar itace ce, ƙunar daji kuma jahilci ne na 'yan ƙasa. A 1934 wani malamin gandun daji na Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Shekara ɗaya bayan haka ya buga maƙala yana cewa hamadar Sahara tana gangarowa kudu, ya ɗora laifin a kan sassabe da kiwo da ƙunar daji. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin biyu, har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai ga alamar rairayin Sahara na tafowa ba. Abin da ya gani shi ne daji na raguwa a wuraren da jama'a suka yi yawa.

Amma ra'ayin hani ya riga ya shiga doka. A ɓangaren Faransa, dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ta tsananta a kan wuta, har ta ɗora wa ƙauye dungurungum tarar wutar da ta tashi kusa da shi in ba a gano wanda ya kunna ba. A ɓangaren Ingila aka keɓe gandayen daji a ƙarƙashin En'e, aka sa malaman daji su tsare su, mai laifi a kai shi gaban alƙali. Sakamakon wannan a fili yake. Mutane ba su daina buƙatar wuta ba, sai dai sun daina kunna ta a bainar jama'a. A da mai ƙuna yakan tsaya da 'yan uwansa riƙe da ɗanyen reshen sabara suna bi suna kashe gefe. Da abin ya zama laifi, sai ya cinna ya gudu, wutar ta tafi ba mai tsaron ta.

Abin mamaki, su kansu Turawan sun yi gwajin da ya nuna musu gaskiya. A 1929 aka keɓe filayen gwaji a Olokemeji, a ƙasar Yarbawa. A 1936 Bafaranshe André Aubréville, wanda yana cikin wancan kwamiti na iyaka, ya yi irinsa a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. An raba fili uku: ɗaya ba a sa masa wuta ko kaɗan, ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, ɗaya kuma a ƙarshen rani. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka kare ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa da yawa. Wanda ake ƙonawa a makare ya koma filin ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu kaurin ɓawo. Waɗannan wurare sun fi Gobir ruwa nesa ba kusa ba, amma darasin ya shafe mu: wutar Nuwamba da wutar Maris ba ɗaya ba ne. Ta farko tana bin ƙasa a hankali, raɓar dare ta kashe ta, ta bar tsibirai na ciyawa. Ta biyu tana tashi sama da tsayin mutum, ta gasa icce har ƙololuwa. Daga baya ma'aikatar gandun daji ta Arewa da kanta ta koma ƙona gandayenta da wuri don kare su daga wutar bazara.

SHEKARUN FARI DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan samun 'yanci gwamnatoci sun yi ƙoƙarin raba ƙasar noma da ta kiwo. Nijar ta shata iyakar noma ta arewa a 1961, Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965. Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985. A waɗannan shekaru gobarar daji ta ja baya, don babu abin da za ta ci. Amma fargabar hamada ta dawo da tsohon ra'ayin Stebbing. A 1985 Thomas Sankara ya ƙaddamar da yaƙi uku a Burkina Faso, ɗaya daga ciki da wutar daji ne. Mali ta haramta ƙuna gaba ɗaya a zamanin Musa Tarawore, da tara mai tsanani. Binciken da masanin ƙasa Paul Laris ya yi a kudancin Mali ya nuna manoman can da ma suna da tsarinsu: suna fara ƙona gajeriyar ciyawar tudu tun kaka, yanki-yanki, ta yadda in babbar wuta ta zo a bazara sai ta yi karo da wuraren da aka riga aka ƙone ta mutu. Hanin ya rushe wannan tsari bai kashe wutar ba. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1991 aka sassauta dokar.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma ya iske ƙasar ta sauya. Jama'a sun ninka, gonaki sun cinye saura da burtali da yawa. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka yake. Sun kuma nuna wani abu da ba a zata ba: binciken da masana na hukumar NASA suka buga a 2017 ya gano filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, mafi yawan raguwar a filayen ciyawa irin namu, saboda gonaki sun daddatse daji. Kada mai karatu ya ɗauka wannan albishir ne zalla. Wuta ta ragu ne domin dajin ya ragu. Ɗan abin da ya saura shi ne kowa ya dogara da shi, don haka gobara guda a yau tana iya yin ɓarnar da goma ba su yi ba a zamanin Barth.

LISSAFIN ƁARNA

Mu fara da abincin dabbobi. Ma'aunin da malaman dabbobi ke aiki da shi a Sahel shi ne, saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da 'yan kai a rana. Daga Nuwamba zuwa Yuni, kwana 240 ke nan, ta ci kusan tan ɗaya da rabi. A ɗauka hekta guda ta ba da tan ɗaya na ciyawa. Ba duka dabba ke samu ba, domin gara da iska da tattakewa suna cinye kashi biyu cikin uku. Ke nan saniya ɗaya tana buƙatar hekta huɗu zuwa biyar kafin ta ga damina. Wutar da ta ci hekta 1,000, abin da take iya yi a yini guda in da iska, ta ƙone abincin rani na shanu sama da 200. Mai shanun nan zaɓi uku gare shi: ya sayar da su da arha, ya sayi harawa da dusa da tsada, ko ya kora su wajen fadama inda masu noman rani suka shuka albasa da alkama. Rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya da ake gani a bakin Gulbin Rima da Bunsuru a watan Maris, asalinsu ciyawar da ta ɓace ne tun watan Disamba.

Sai ƙasa. Manomi yakan ce toka taki ce, kuma da gaskiyarsa, akwai sinadaran da ke saura a cikinta. Amma naitirojin, wanda shi ne muke saye da tsada a buhun yuriya, mafi yawansa hayaƙi yake bi ya tafi. Ita tokar ma iskar hunturu ba ta barin ta inda ta faɗi. Ƙasar da aka tsiraita tana shan rana wata shida, iska ta kwashe lallausan samanta, ruwan farko ya zo da ƙarfi ya wanke saura ya fara zaizayar kwari. Irin ciyawar da ya zube a sama yakan ƙone, sai baɗi wurin ya fito da abin da dabba ba ta so.

Sai itatuwa. Babbar kuka ko tsamiya tana iya tsira, sabara da kalgo kuma sukan sake tsirowa daga kututture. Waɗanda ke mutuwa su ne 'yan ƙanana, 'ya'yan gawo da marke da aduwa da magarya da ba su wuce gwiwa ba. In wuta na bin wuri duk shekara, za ka ga tsofaffin itatuwa tsaye ba matasa a ƙarƙashinsu. Ranar da tsofaffin suka faɗi, shi ke nan. A jihar Maraɗi da Damagaram, tun daga aikin da Tony Rinaudo ya fara da manoma a 1983, an farfaɗo da itatuwa a gonaki da suka kai hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski. Wuta guda ta bazara tana iya mayar da aikin shekara uku baya.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga rahoton kowa: gambar zana da shibcin da mace ko tsoho zai yanka ya kai kasuwa, amya da ƙudan zumanta, ƙwan zabin daji, saiwoyin magani, dammunan hatsin da ba a kai ga kwasowa daga gona ba. In iska ta juyo da wuta cikin gari kuwa, darni da jinka da rumbun kara duk abincinta ne, noman shekara ya tafi kafin a ɗebo ruwa a rijiya.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA KOYA

Masu jiragen kashe gobara ma ba su tsira ba. A 1910 wuta ta ci eka miliyan 3 cikin kwana biyu a jihohin Idaho da Montana na Amurka. Tsoron haka ya sa a 1935 hukumar gandun dajinsu ta kafa ƙa'idar kashe kowace wuta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Shekara da shekaru busassun itace da ganye suka taru ba abin da ya rage su, ga zafi da fari na ƙaruwa. A Nuwamba 2018 gobarar da wayar lantarki ta tayar ta shafe garin Paradise a Kalifoniya, mutum 85 suka mutu. A Agusta 2021 gobarar dazuzzukan Kabiliya a Aljeriya ta kashe mutum kusan 90, cikinsu har da sojojin da suka je ceto. A arewacin Ostireliya kuwa, tun 2006 aka koma ga tsarin 'yan asalin ƙasar na ƙona daji kaɗan-kaɗan da farkon rani a yankin Arnhem, kuma manyan gobarar ƙarshen rani suka ragu. Wato ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun yi doguwar tafiya sun dawo kan tambayar da mai gari da Sarkin Dawa suke amsawa a da: wane wuri, wace rana, wa zai tsaya a kai?

INDA MUKE A YAU

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Nijar tana da dokar daji ta 2004 da dokar kiwo ta 2010. A Nijeriya hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙunar daji barkatai a 2011, Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a bakin daji. Tun wajen 2019 matsalar 'yan bindiga ta addabi Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, ƙauyuka suka watse, gonaki da yawa suka koma saura. Dajin Gundumi ya sake zama wurin da matafiyi ke ratsawa da fargaba, kamar zamanin Barth. Ta fuskar wuta ma'anar wannan ita ce, ciyawa na taruwa a inda ba mai iya zuwa yanka, malamin daji ba ya shiga, mai gari wani lokaci ba ya ma garin, kuma in wuta ta taso ba wanda zai yarda ya fita da dare ya tare ta.

Duk da haka akwai abin da gari zai iya yi a iyakar inda ƙafarsa ke kaiwa, kuma lokacinsa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Nuwamba, kafin ciyawa ta gama bushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A arewacin Maraɗi da Tawa, wajen Dakwaro da Abalak, duk shekara ana share dogayen layuka masu faɗi a cikin makiyaya, a kankare ciyawar har ƙasa, domin wuta in ta iso ta rasa abin kamawa. Ciyawar da aka kankare kuma a tara ta a sayar ko a ajiye wa dabbobi. Irin wannan layi ana iya yin sa da gayya a kewayen gari da rumbuna da makiyayar da ke kusa. Jigawar ƙarangiya da kyasuwa a kare ta daga wuta gaba ɗaya, tunda ba ta toho. Inda gamba ta yi duhu har ana tsoron ta, a yanki ta zana tukuna, sannan a ƙone saura da wuri, da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, mutane na tsaye. Mai sassabe ya share gefen gonarsa kafin ya cinna, ya sanar da maƙwabta. Mafarauta da masu zuma da makiyaya su zauna da mai gari a yanke rana, a yi shela a masallaci da kasuwa. Tunda wuta ba ta san dutsen iyaka ba, garuruwan da ke fuskantar juna tsakanin Sabon Birni da Gidan Runji su riƙa sanar da juna, ga waya a hannun kowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin ciyawar bana ta bushe, yana da kyau kowannenmu ya tambayi dattawan garinsu: a da wa ke ba da izinin sa wa daji wuta, a wane wata, kuma me ake yi wa wanda ya riga rana? Waɗanda suka san amsar suna ƙarewa, kuma mafi yawan abin da suka sani ba a rubuta shi ba. Wanda ya samo wani abu daga Kamarawa ko Gatawa ko Tsibiri ko wani gari, ya rubuto mana yadda aka faɗa masa.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.